Haɗe-haɗen Black Coffee Uku Da Muka Fi So



Wannan makon mu 'yan aji biyu ne aka ba gefen dama na allon, kuma mun zaɓi mu yi rubutu a kan abin da wasu za su ce ba shi da gurbi a allon makaranta, wato aikin DJ. Muna roƙon a yi haƙuri a karanta har ƙasa kafin a yanke mana hukunci.

Mun san sunan DJ ya yi baƙin jini a unguwanninmu, kuma ba a banza ba. Kowa ya san abin da ke faruwa idan ana biki a layinsu. A jera manyan sifiku a ƙofar gida, a ƙure murya tun bayan la'asar har dare ya raba. Tsoho ya kasa barci, jariri ya yi ta kuka, mai jarrabawa gobe ya rasa inda zai sa kansa. Waƙa ba ta kai rabi ba an datse ta an jefo wata, ga mai makirufo yana ta ihu a kai yana kiran sunayen masu liƙi. Wani lokacin ma a tashi da faɗa. Shi ya sa idan yaro ya ce aikin DJ yana burge shi, sai manya su kalli juna su ce wannan ya kama hanyar lalacewa.

Mu ma wannan hayaniyar ba ta yi mana ba. Abin da ya ja hankalinmu daban ne, kuma a wurin wani mutumin Afirka ta Kudu muka fara jin sa, wanda duniya ta sani da Black Coffee. Mu biyar ne, ajinmu ɗaya, kuma babu mai waya a cikinmu. Yayan ɗayanmu ne yake da memori cike da kiɗe-kiɗe. Ranar Asabar da yamma idan mun taso daga Islamiyya yakan ara mana tare da 'yar ƙaramar sifikarsa, in kuma muka same shi cikin nishaɗi har wayar yakan ba mu mu kalli bidiyo. Mun saurari haɗe-haɗen mutumin nan da yawa, mun sha gardama a kansu, har muka tsayar da guda uku da muka fi so. Abin da suka koya mana shi ne, aikin DJ na gaskiya da kunne ake yin sa, da haƙuri, da lissafi. Ƙarar sifika ita ce ta ƙarshe a layi.

Wane ne Black Coffee?

Sunansa na gaskiya Nkosinathi Maphumulo. An haife shi ranar 11 ga Maris, 1976 a Durban, wani babban birni da ke bakin teku a Afirka ta Kudu. Amma a hannun kakarsa ya tashi, a garin Mthatha. Ba gidan masu kuɗi ba ne. Yana yaro shi ne mai tatsar shanun kakar tasa, kamar yadda yara da yawa suke yi a ƙauyukanmu.

Ranar 11 ga Fabrairu, 1990 aka saki Nelson Mandela bayan ya shafe shekara 27 a kurkuku. Da labari ya bazu cewa za a sake shi, sai jama'a suka fantsama kan tituna suna murna, manya da yara. Nkosinathi yana cikinsu. Ana cikin haka wata motar haya ta kutsa cikin taron. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma jijiyoyin da suka taso daga wuya suka gangara hannunsa na hagu sun lalace, hannun ya daina aiki. Da muka yi lissafi sai muka ga a lokacin saura wata ɗaya ya cika shekara 14. Wato sa'anmu ne. Duk wanda ya kalli bidiyonsa zai ga hannun hagun a cikin aljihu, yana aiki da na dama kaɗai. Wanda bai san labarin ba sai ya ɗauka yanga ce.

Da ya girma ya koma Durban ya karanci kiɗan jaz a wata kwalejin fasaha. A 2005 ya fitar da kundinsa na farko. A 2010 ya tsaya a wani babban kanti mai suna Maponya Mall a Soweto ya yi ta haɗa kiɗa na tsawon awa 60, domin gidauniyar da ya kafa don taimakon masu buƙata ta musamman. Awa 60 kwana biyu da rabi ke nan. Mu da darasi biyu a jere yake sa mu hamma, mun jinjina masa. Tun 2017 yake da daren Asabar nasa na kansa a wani shahararren gidan rawa da ke tsibirin Ibiza a ƙasar Sifen. A 2022 ya ci kyautar Grammy da kundinsa mai suna Subconsciously, a 2023 kuma ya yi wasa a babban zauren Madison Square Garden da ke birnin New York.

Irin kiɗan da yake yi ana ce masa haus. Kada sunan ya ruɗe ku, ba shi da dangantaka da Hausa. A birnin Shikago na Amurka aka fara shi, kuma an fi danganta sunan da wani gidan rawa mai suna Warehouse, inda wani DJ da ake kira Frankie Knuckles ya fara aiki a 1977. Da kiɗan ya iso Afirka ta Kudu sai matasan can suka rungume shi, suka zuba masa ganguna da muryoyinsu da harsunansu. Black Coffee yana cikin waɗanda suka ɗauki wannan sabon salo suka mayar wa duniya.

Mene ne haɗi?

Kafin mu kawo zaɓinmu, ya kamata mu yi bayanin abin da DJ yake yi a gaban na'urorin nan, don da yawanmu muna ɗauka danna maɓalli kawai yake yi yana gyaɗa kai.

A gabansa akwai na'urori biyu ko fiye masu juya waƙa. A tsakiyarsu akwai akwatin haɗi mai maɓallan murɗawa da 'yan sanduna da ake turawa sama da ƙasa. Jama'a suna jin waƙa ta farko ta sifika. Shi kuma yana jin ta biyu ta abin kunne, shi kaɗai. Aikinsa shi ne ya shigo da ta biyun ya fitar da ta farkon ba tare da kiɗa ya tsaya ba, kuma ba tare da ƙafar mai rawa ta yi tuntuɓe ba. Idan ya jera waƙoƙi goma sha biyar ko ashirin a haka suka zama kamar waƙa ɗaya doguwa, shi ne haɗi, ko miks kamar yadda yayyenmu suke faɗa.

Abu uku ne sai ya kiyaye.

Na farko gudu. Kowace waƙa tana da yawan bugun da take yi a minti ɗaya. Kiɗan haus yakan yi wajen bugu 120 zuwa 125. A ce ta farko tana yin 120, ta biyu tana yin 123. Bambancin bugu uku ne kacal a minti, kamar ba komai ba. Amma ku raba daƙiƙa 60 gida uku, za ku sami 20. Wato duk bayan daƙiƙa 20 ta biyun ta tsere wa ta farko da cikakken bugu ɗaya, kuma tun a daƙiƙa ta goma sun riga sun saɓa da rabin bugu. Mun gwada wannan a kan benci lokacin tara. Mutum biyu suna bugawa, ɗaya ya ɗan fi sauri. Kafin a ƙirga goma sai ka ji kamar mata biyu suna daka a turmi ɗaya hannunsu bai zo ɗaya ba. Don haka dole DJ ya rage wa ɗaya gudu ko ya ƙara wa ɗaya har su daidaita.

Na biyu wurin shiga. Kiɗan haus a ƙirge yake. Bugu huɗu su ne gaɓa ɗaya, gaɓa takwas kuma su ne zagaye ɗaya, bugu 32 ke nan. Yawanci a farkon sabon zagaye ne wani abu yake canzawa, murya ta shigo ko ganga ta fita. Idan gudun 120 ne, bugu biyu ake yi a daƙiƙa ɗaya, zagaye ɗaya kuma daƙiƙa 16. DJ yana ƙirgawa a zuciyarsa domin farkon zagayen sabuwar waƙa ya faɗa daidai kan farkon zagayen tsohuwa. In ya makara da bugu ɗaya, sai ya jira wani zagayen.

Na uku kaurin sauti. Kowane kiɗa yana da sauti mai kauri wanda ake ji a ƙirji, da matsakaici inda murya take, da siriri irin na kacau-kacau. Idan masu kauri biyu suka haɗu a lokaci ɗaya sai sautin ya dagule kamar kunun da ya yi gudaji. Shi ya sa DJ yake murɗe kaurin sabuwar waƙa tukuna, ya shigo da siririnta, sannan a daidai kan gaɓa ya cire kaurin tsohuwa ya saki na sabuwa.

Yanzu ku tuna duk wannan ana yin sa ne da hannu biyu. Ɗaya yana kan sanda, ɗaya yana kan maɓalli. Shi kuwa da hannu ɗaya yake yi, har da gyara abin kunne.

Na ɗaya: haɗin Salle Wagram

Wannan shi ne wanda uku daga cikinmu suka zaɓa. An yi shi a 2018 a birnin Paris na Faransa, a wani tsohon zaure mai suna Salle Wagram mai manyan fitilu masu reto daga rufi. Wasu masu shirya wasa da ake kira Cercle, waɗanda suke kai DJ wurare na musamman su ɗauki bidiyo, su ne suka shirya shi. Ya haura awa ɗaya.

Abin da ya sa muke son sa shi ne wani wasa da muka ƙirƙiro, muka sa masa suna kama ɗinki. Ɗayanmu ɗan tela ne, shi ya ce babansa yakan ce ana gane gwanin tela idan aka nemi inda ya haɗa ƙyalle biyu aka rasa. To haka muke yi. Mu zauna shiru mu rufe ido, duk wanda ya fara jin sabuwar waƙa ta shigo sai ya ɗaga hannu. In ya dace yana da maki ɗaya, in ya yi gaggawa a cire masa ɗaya. A wannan haɗin sau da yawa sai waƙa ta riga ta canza gaba ɗaya sannan mu farga. Wani ɗan siririn sauti ne zai fara leƙowa daga nesa kamar mai sallama a zaure. Kana cikin tunanin ko na tsohuwar waƙar ne, sai wata ganga ta biyo shi. Kafin ka ankara tsohuwar ta sulale ta fita, babu wanda ya ga fitarta.

A ganinmu hannu ɗayan nan yana cikin abin da ya sa haɗinsa yake da natsuwa. Mai hannu biyu yana iya yin abu biyu a lokaci guda a gurguje. Shi kuwa sai ya yi ɗaya bayan ɗaya, don haka dole ya san inda za shi tun kafin ya tashi. Ba ya tsalle-tsalle, ba ya ihu a makirufo, ba ya datse waƙa. Yana barin kowace ta yi numfashi. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma wani abu da muka lura da shi a bidiyon. Yakan ɗaga kai ya dubi jama'a, sannan ya koma kan na'ura. Wannan ya tuna mana da makaɗan gargajiya. Duk wanda ya taɓa zuwa kallon dambe ya san mai kalangu ba ya ajiye makaɗi don wani ɗan dambe ya shigo fili. Yana hango shi sai ya juya kiɗan ya koma takensa, kuma kiɗan bai yanke ba. Haka makaɗan biki suke yi idan wata babbar baƙuwa ta shigo. Ido yana kan mutane, kunne yana kan ganga. Ashe abin da ake biyan Black Coffee ya yi a Paris, kakanninmu sun daɗe da sanin irinsa.

Na biyu: Africa Rising

Wannan zaɓin ɗaya daga cikinmu ne, kuma ya kafe a kansa har yau. An yi shi a 2011 a filin wasa na Moses Mabhida da ke Durban, aka fitar da shi a faifai a 2012. Masu son ƙwallo sun san filin. A nan ne Najeriya ta yi canjaras 2 da 2 da Koriya ta Kudu a gasar cin kofin duniya ta 2010, wasan da yayyenmu har yanzu suke riƙe kai idan an tuna ƙwallon da Yakubu ya ɓarar. A nan ne kuma muka ci Mali 4 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a 2013.

A wannan wasan Black Coffee bai tsaya shi kaɗai da na'ura ba. Ya zo da mawaƙa, da makaɗa, da wata ƙungiya ta mutum 24 masu kayan kiɗa irin su gogen Turawa. Wahalar abin a nan take. Na'ura ba ta gajiya, ba ta jiran kowa, bugunta ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Mutum kuwa yana numfashi, hannunsa yana iya yin sauri ko nawa. Kafin mutane masu yawa haka su tafi tare da na'ura ba tare da wani ya wuce wani ba, sai kowa ya saurari na kusa da shi fiye da yadda yake sauraron kansa.

Abokin namu ya ce abin da ya burge shi shi ne mutumin ya san iyakarsa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi da yake da hannu ɗaya a zahiri, ya nuna zai iya haɗa kiɗa shi kaɗai har na awa 60. Amma da ya tashi ɗaukar jinkar da ta fi ƙarfinsa bai ji kunyar kiran mutane ba. Mu sauran mun yarda da wannan, sai dai mun ce ba a iya wasan kama ɗinki da shi sosai, shi ya sa ya zo na biyu.

Na uku: Stimela

Wannan ba dogon haɗi ba ne. Waƙa ɗaya ce tsohuwa da ya sabunta, kuma tana cikin kundinsa na farko na 2005. Asalinta ta Hugh Masekela ce, wani dattijon mai busa ƙaho ɗan Afirka ta Kudu wanda ya yi shekaru yana gudun hijira saboda mulkin wariyar launin fata, ya kuma rasu a 2018. Ma'anar stimela ita ce jirgin ƙasa. Waƙar tana ba da labarin jirgin gawayi da yake kwaso ma'aikata daga ƙasashe irin su Mozambik da Malawi da Lesotho ya kai su ramukan haƙar zinariya na Johannesburg, inda suke aiki mai tsanani a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, nesa da iyalansu.

Wanda ya zaɓe ta a cikinmu babansa ɗan ci-rani ne, sai a yi watanni bai zo gida ba. Ya ce tun da ya san ma'anar waƙar, in ya ji ta ba ya iya rawa, sai dai ya yi shiru. Black Coffee ya shimfiɗa mata bugun haus a ƙasa, wanda yake tafiya ba tsayawa kamar ƙafafun jirgi a kan dogo, amma bai kashe baƙin cikin da ke cikinta ba. Ta haka matasan da ba a haife su ba lokacin da aka yi waƙar suka san ta.

Mu darasin da muka ɗauka a nan shi ne girmama na gaba. Muna da manyan mawaƙa irin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge, kuma da yawa daga cikin 'yan ajinmu sunansu kawai suka sani. Wanda ya iya haɗi da ladabi yana iya kawo irin waɗannan muryoyi kunnen yara ba tare da ya wulaƙanta su ba. Wanda bai iya ba kuwa sai ya ɗora musu ƙara ya ɓata su.

Abin da ke damun iyaye da malamai

Mun san abin da wasu malamanmu suke tunani yanzu, kuma suna da gaskiya a abubuwa da yawa.

Black Coffee a gidajen rawa yake aiki, kuma a irin waɗannan wurare akwai shaye-shaye da kwana a waje da wasu abubuwa da addininmu da tarbiyyarmu suka hana. Ba mu taɓa zuwa ba, ba ma neman zuwa, kuma ba ma kiran kowa ya je. Abin da muka ɗauka shi ne gwanintar. Wuƙar da mahauci yake aiki da ita, ita ce ɗan daba yake riƙewa, amma ba a ce a daina koyon fawa ba.

Akwai gidajen da ba a jin kiɗa kwata-kwata, kuma muna da abokai daga irin waɗannan gidaje. Ba ma kunna musu, ba ma yi musu dariya, su ma ba sa zaginmu. Maganar iyaye ita ce gaba. Da iyayenmu sun hana, da mun bari.

Akwai maganar kalmomi. Wani ɓangare mai yawa na irin wannan kiɗan babu waƙa a kai, ganga ce da sauran kayan kiɗa kawai. Inda akwai waƙa kuma ba mu san ma'anarta ba, mukan tambayi yayan namu, in ya ce ba ta dace da mu ba sai mu wuce ta. Mun ga yara ƙanana suna rera wasu waƙoƙin Hausa na biki waɗanda suka fi wannan muni nesa ba kusa ba, don haka tacewar ta shafi kowane harshe.

Akwai maganar karatu. Shi ya sa muka tsayar da Asabar da yamma kawai, kuma idan jarrabawa ta matso memori yana komawa wurin mai shi.

Sannan akwai maganar kunne, wadda ba a cika yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin samun matsalar ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Wannan ya shafi mai tsayawa a gaban sifikar biki, ya kuma shafi mai toshe kunne da abin ji ya ƙure murya. Abin mamaki, wasan kama ɗinki ya fi daɗi idan an rage murya, domin a lokacin ne kake kasa kunne da gaske. Wanda ya kashe kunnensa da ƙara ba zai taɓa zama gwanin haɗi ba.

Roƙonmu

Muna da roƙo guda biyu ga hukumar makaranta da malaminmu na wasanni.

Na farko, gasar wasanni ta gidaje tana tafe a zango mai zuwa. Muna roƙon a ba mu minti goma sha biyar kacal a ranar. Ba ma buƙatar na'ura ko janareta ko hayar kowa. Gangunan fareti da suke ajiye a sito sun ishe mu, da kalangu ɗaya da za mu aro. Muna so mu buga kiɗa kala huɗu, ɗaya don kowane gida, mu haɗa su ɗaya bayan ɗaya ba tare da kiɗan ya yanke ba, da ƙirga 32 kamar yadda muka yi bayani a sama. Babu waƙa, babu makirufo. Malamai su saurara tun ana saura mako ɗaya, in bai yi ba a soke, ba za mu ji haushi ba. Malamin lissafi ma muna gayyatarsa ya zo da agogo ya duba ko gudunmu yana tsayawa wuri ɗaya.

Na biyu ya fi na farko muhimmanci a wurinmu. A makarantar nan akwai 'yan'uwanmu ɗalibai masu lalurar ƙafa ko ta hannu. Duk ranar wasanni a gefen fili suke zama suna gadin jakunkuna da takalman masu gudu. Ba wanda ya kore su, amma kuma ba wanda ya tambaye su me za su iya. Muna roƙon idan an amince da kiɗan, su ne za a fara tambaya ko suna so su shiga. Mai ƙirga zagaye yana ba da alamar canji, wanda shi ne shugaban kiɗan gaba ɗaya, ba ya buƙatar ƙafar gudu, kuma hannu ɗaya ya ishe shi. Kunne yake buƙata da natsuwa. Yaron da mota ta buge a Mthatha a 1990 da an ajiye shi gadin jakunkuna, da babu ko ɗaya daga cikin haɗe-haɗe ukun nan.

Ga 'yan'uwa ɗalibai kuma, duk wanda iyayensa suka yarda, ya gwada kama ɗinki da kowane irin kiɗa yake ji, ko na rediyo ne ko na makaɗan unguwa. Ya rage murya, ya rufe ido, ya ƙirga huɗu-huɗu, ya ga ko zai kama inda aka canza.

Wanda yake da ra'ayi, ko na goyon baya ko na suka, ya rubuta ya jefa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida da ke kusa da ofishin malamai. Za mu liƙa amsoshin a allon mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Muna godiya ga malamar da ke kula da ƙungiyarmu da ta duba mana rubutun nan, da kuma yayanmu mai memori.



Daga wakilan aji biyu, ƙaramar sakandare.